'Yata ta tsallake rigakafi wata biyar: a sake daga farko ne, ko lokaci ya wuce?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata tana da wata 7. A gida aka haife ta, mahaifiyarta ta tafi wanka gidansu, sai bayan ta dawo aka kai yarinyar asibiti aka yi mata allurar kafaɗa da ta cinya rana ɗaya. Daren nan ba mu runtsa ba saboda zazzaɓi da kuka. Mahaifiyata ta ce kada a sake kai ta, ni ma ban matsa ba. Yanzu ƙyanda ta shigo unguwarmu, hankalina ya tashi. Wasu sun ce sai an sake daga farko, wasu sun ce lokaci ya wuce. Mece ce gaskiya? Kuma me ya sa mu a ƙasashen talakawa kullum muke baya a wannan harka, jahilci ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya ta, ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Duka maganganun biyu da aka faɗa maka ba haka suke ba. Ba a sake rigakafi daga farko komai tsawon tsaikon da aka samu, kuma yarinya 'yar wata 7 lokaci bai wuce mata ba ko kaɗan. Jikin ɗan Adam ba ya manta allurar da aka yi masa. Ta farkon nan da ta hana ku barci tana nan a rubuce a garkuwar jikinta, ta biyu take jira. Ƙa'idar tazara guda ɗaya ce muke tsarewa, wato kada a yi ta gaba kafin mako 4 ya cika. Idan ya zarce haka, ko da wata biyar ne, daga inda aka tsaya ake ɗorawa.

Ga abin da za ku tarar. Wadda aka yi mata a kafaɗa ita ce BCG, ta tarin fuka, sau ɗaya ake yin ta, an gama da ita. Ta cinya kuwa ita ce muke kira penta, cututtuka biyar ne a allura ɗaya: mashaƙo, tarin shiƙa, tetanus mai sandarar da jariri, ciwon hanta nau'in B, da wata ƙwayar cuta mai kawo nimoniya da sanƙarau ga ƙananan yara. Sau uku ake yin ta, a mako 6 da 10 da 14, tare da ɗigon shan inna, da allurar nimoniya, da ɗigon gudawa da Najeriya ta shigar cikin jadawali a 2022. 'Yarka zagaye ɗaya ta samu, saura biyu. In aka kai ta wannan makon za a yi mata na biyu, a duba allurar shan inna ta cinya, a ba ta bitamin A tunda ta haura wata 6. Bayan mako 4 a yi na uku. Tana cika wata 9 sai ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau, a wata 15 kuma ta ƙyanda ta biyu. Ka ga ke nan za ta cim ma sa'o'inta kafin ta fara tafiya.

Batun ƙyandar unguwarku, kada ka ɓoye wa ma'aikaciyar lafiya, ka faɗa mata tun kafin ta tambaya. Idan cutar ta ɓarke a wuri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a yi wa jariri allurar ƙyanda tun daga wata 6. Sai dai wannan ƙari ce, ba a lissafa ta, dole a sake a wata 9. Kafin nan a nisanta ta da gidan da ke da mai ƙyanda, a kuma hana yayyenta zuwa dubiya. Ƙyanda ba ta buƙatar a taɓa juna. Ta iska take bi, kuma mutum ɗaya kan shafa wa 12 zuwa 18 a inda ba a yi rigakafi ba.

To amma kada ka ji na ce ba a sakewa daga farko ka ɗauka jinkirin ba shi da illa. Ranakun nan na jikin kati an tsara su ne bisa lokacin da kowace cuta ta fi kisa. Jariri yana zuwa duniya da ɗan guzurin kariya daga jinin uwarsa, guzurin kuma ƙarewa yake yi cikin watannin farko. Ɗauki tarin shiƙa. Yaro ɗan shekara biyar zai yi ta tari makonni, ya rame, galibi ya warke. Jaririn wata biyu sau da yawa ko tarin ba ya iya yi. Na taɓa riƙe wani a hannuna, uwarsa tana ce min lafiyarsa ƙalau sai dai yakan "ɗauke". Muna cikin magana ya ɗauke ɗin, leɓɓansa suka canza launi, na kifa shi ina murza bayansa har numfashi ya dawo. Kwanansa 70 a duniya, ko allura ɗaya ba a yi masa ba, ana jira a ga ya ɗan yi ƙwari. Allurar da aka yi a wata 7 tana kare abin da ke gaba, amma watannin da suka fi haɗari an riga an ratsa su tsirara. Ku Allah ya tsare, sai godiya. Akwai ma wadda ba ta ramuwa: allurar ciwon hanta ta ranar haihuwa, da ake so a yi cikin awa 24 don tare cutar daga uwa zuwa ɗa. Jaririn da ya ɗauki wannan cuta wajen haihuwa, kusan 9 cikin 10 da ita suke rayuwa, sai sun girma hanta ta fara ba da matsala. Ta 'yarka ta wuce, penta za ta rufe abin da ya saura, amma ka riƙe wannan don haihuwa ta gaba.

Zazzaɓin da ya firgita ku kuwa sananne ne. Ɓangaren tarin shiƙa na cikin penta shi ke kawo zafin jiki da kumburin cinya da rigima, kwana ɗaya ko biyu ya wuce. A nan laifinmu ne mu ma'aikata. Da an ɗauki minti ɗaya an ce wa maiɗakinka "yau da dare zai yiwu ta yi zazzaɓi, ki yawaita ba ta nono, ki rage mata kaya, ga yadda za ki ba ta farasitamol," da Hajiya ta ga abin da aka riga aka faɗa ne ya faru. Da ba a faɗa ba, me ta gani? An fita da jikarta lafiya lau an dawo da ita ba lafiya. Ko ni ce a matsayinta haka zan yanke.

Sai tambayarka ta biyu, wadda ta fi tsawo.

Tun 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin faɗaɗa rigakafin yara, yau shekara hamsin da ɗoriya. Duk da haka, ƙiyasin hukumar da UNICEF na 2023 ya nuna yara miliyan 14.5 a duniya ba su samu ko allurar farko ta jerin nan uku irin na penta ba, sama da miliyan 2 daga cikinsu a Najeriya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 31 cikin 100 ne kacal na yara 'yan wata 12 zuwa 23 suka kammala muhimman alluran, kashi 19 kuma ba a yi musu ko ɗaya ba. A Anambra kashi 76 suka kammala, a Sakkwato kashi 5. Ka lura da abin da ya rage in an cire 19 da 31 ɗin nan: rabin yaran ƙasar sun fara, ba su ƙarasa ba. Iyayen da suka ɗauki ƙafa suka je asibiti sau ɗaya ko sau biyu ba za a kira su masu ƙin rigakafi ba. Gidanka yana cikin wannan rabin. Kuma alƙaluman ma suna rufa mana asiri, domin yaron da aka yi wa penta ta uku a wata 11 maimakon mako 14, a takarda "ya kammala" ne, babu wanda ya ƙirga watannin da ya yi ba kariya.

A shekarun da na yi ina wannan aiki, masu cewa "ba ma so" kai tsaye ba su kai yawan da ake zato ba. Mafi yawan yaran a wasu 'yan ramuka suke faɗawa, kuma kullum ramukan su ne dai.

Na farko yana bakin ƙofar ɗakin haihuwa. A Arewa maso Yamma, wancan binciken na 2018 ya nuna ko kashi 20 na haihuwa ba a yi a asibiti ba. Jaririn da aka haifa a gida ba ya fita kafin suna, mai jego kuma ba ta fita kafin arba'in. Ungozoma ta gan shi, wanzami ya gan shi, liman da mai unguwa sun san da zuwansa, ma'aikacin lafiya ne kaɗai bai sani ba. In haihuwar fari ce, an tafi wanka gida, wani lokaci wani gari ko wata jiha, sai a ce a bari ta koma ɗakinta. Ta koma, sai yawon arba'in. Abin da ke ba ni takaici shi ne mako 6 kwana 42 ne, wato kwana biyu rak bayan arba'in. Al'adarmu da kanta ta ajiye mana ranar tunawa wadda babu matar da ke mantawa da ita. Na daɗe da daina ce wa mata "ki dawo bayan mako shida." Cewa nake "ranar da kika yi arba'in, jibi ki zo," kuma ban taɓa jin wadda ta ce ta rikice a lissafi ba.

Rami na biyu namu ne, kuma zan faɗe shi ko da zai ɓata wa abokan aiki rai. Allurar BCG da ta ƙyanda gari ne a kwalba, sai an haɗa da ruwansu. Kwalbar BCG ta yara 20 ce, ta ƙyanda galibi ta yara 10, kuma da zarar an haɗa, bayan awa 6 zubarwa ake yi. Ƙa'ida ta ce a buɗe ko don yaro ɗaya. Amma ma'aikaciyar da ta san kwalba biyu ce ta rage mata a firji, kuma za a tambaye ta yawan asarar da ta yi, sai ta ce wa mata uku da ke zaune a benci su dawo ranar Talata idan an taru. Ni ma na yi. Akwai wata da na mayar a farkon aikina, ta zo daga wata ruga da goyonta ɗan wata 10, ta biya kuɗin mashin zuwa da komawa. Na ce ta dawo mako mai zuwa. Ta ɗaure katin a cikin leda, ta soke a bakin zani, ta ce "to, Allah ya kai mu." Ban sake ganin ta ba. A rahoton wata an sa irinta cikin waɗanda "suka daina zuwa", alhali ni na kore ta. Tun daga lokacin nake buɗe kwalba ko don yaro ɗaya, in ya so a yi min faɗa.

Ƙara da sauran. Alluran nan suna son sanyi tsakanin maki 2 zuwa 8, zafi yana kashe wasu, ƙanƙara kuma tana lalata penta, don haka asibitin da ba shi da firji mai aiki da hasken rana sai ya aika a ɗauko daga hedikwatar ƙaramar hukuma a akwatin sanyi, ranar da babu kuɗin mai babu rigakafi. Fita ƙauyuka da ake tsarawa a takarda yakan tsaya idan kuɗin zirga-zirga bai fito ba. Damina ta yanke hanya, kowa yana gona. A wasu sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Borno ma'aikaci ba ya iya shiga saboda tsaro. Sannan ga halinmu: uwa ta ɓatar da kati a yi mata tsawa a gaban mutane, ko ta zo da yaro mai ɗan mura a ce ta koma sai ya warke. Mura, ɗan zawo, ɗan zafin jiki, fitar haƙori, ko rama, babu wanda ke hana rigakafi. Yaro mai tamowa ma shi ya fi kowa buƙatarta, don shi ƙyanda ta fi kayarwa.

Ba zan ce babu tsoro da zargi ba, akwai, kuma suna da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Ba rigakafi ba ne Trovan, amma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. A 2003 Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da ɗigon shan inna bisa zargin yana hana haihuwa, Kano ba ta dawo ba sai a Yulin 2004 bayan an samo maganin daga Indonesiya, kuma a tsakanin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Daga baya sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar suka shigo cikin aikin, har aka kai ranar 25 ga Agustan 2020 da aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna ta daji. Sai dai yaƙin ya bar wani tabo da ba a cika magana a kai ba. Shekara da shekaru ana bin gida gida da ɗigo, har mutane suka ɗauka rigakafi shi ne abin da ake kawowa ƙofar gida. Ka tambayi uba ko an yi wa ɗansa, ya ce "ai kullum suna zuwa." Ɗigon nan na shan inna ne kawai. Penta ba ta yawo gida gida, sai an je.

Kuɗin wannan rata muka biya da mashaƙo. Daga ƙarshen 2022 cutar ta ɓarke, Kano ta fi ko'ina yawan masu ita, ta taɓa Yobe da Katsina da Bauchi da Borno, ta kuma bayyana a yankin Damagaram a Nijar. Galibin waɗanda ta kama yara ne da ba su kammala rigakafi ba, da yawansu sun kai shekarun makaranta. Cuta ce da yawancin ma'aikatan zamanina a littafi kawai suka san ta. Allurar da aka tsallake shekara takwas ko goma da suka wuce ce ta dawo neman bashinta.

Shin talauci ne? Yana ciki, amma bai isa bayani ba. Nijar ta fi Najeriya ƙarancin arziki nesa ba kusa ba, mutanen Maraɗi da na Katsina kuma dangin juna ne, al'ada ɗaya, addini ɗaya. Amma ƙiyasin 'yan shekarun nan yana sa Nijar sama da kashi 80 a penta ta uku, Najeriya kuwa sittin da 'yan kai. Nijar ta mai da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta tun 2006, ta kuma baza ƙananan ɗakunan shan magani a karkara. Akwai wani gwaji da nake yawan tunawa, wanda masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka yi a ƙauyukan Udaipur na Indiya, aka wallafa a 2010. Inda ba a yi komai ba, kashi 6 na yara suka kammala. Inda aka tabbatar ma'aikaci yana zuwa kowane wata ba fashi, aka samu kashi 18. Inda aka ƙara da kilo ɗaya na wani nau'in wake duk zuwa, da 'yan faranti in an kammala, aka kai kashi 39. Wanda ya yi imani allura za ta kashe masa ɗa ba zai sayar da shi a kan mudun wake ba. Abin da waken ya biya shi ne wunin da uwa ta rasa. Irin wannan tunani ne ƙungiyar New Incentives ta bi a Katsina da Zamfara da Jigawa, tana ba uwa ɗan kuɗin mota duk allurar da aka yi, kuma binciken da aka yi a kan shirin ya nuna yaran da ake kawowa sun ƙaru sosai. Haka tsarin da ake bi a wasu masarautu, inda mai unguwa ke rubuta sunan duk jaririn da aka raɗa wa suna ya haɗa da rajistar asibiti, ya fi min tallar rediyo goma.

Yanzu kai, Malam. A gidajenmu mace ce ke goyo, amma izini da kuɗin mashin a hannun namiji suke, kuma kai kaɗai ne za ka iya yi wa Hajiya magana ba a ce surukarta ta raina ta ba. Kada ka je mata da alƙaluma. Ka ce mata ƙyanda ta shigo unguwa, ita ta fi ka sanin abin da baƙon dauro yake yi wa gida, wataƙila ta binne ƙani ko ɗa saboda shi. Ka faɗa mata tun yanzu cewa zazzaɓin zai iya dawowa daren allura ta biyu, kuma an tanadi magani. In da hali ku tafi da ita asibitin ta ji da kunnenta.

Ku nemo katin. In ya ɓata ku je haka nan, sunanta yana rajista, tabon kafaɗarta ma shaida ne, kuma ba a biyan ko sisi a asibitin gwamnati. Ka tambayi ranakun da suke buɗe kwalbar ƙyanda don kada ku yi zuwan banza, ka sa a rubuta ranar dawowa a katin, kai ma ka sa a wayarka. Bayan allura, kumburin cinya a ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, ban da murzawa, ban da shafa man zafi ko toka. In ta yi jijjiga, ko numfashinta ya canza, ko ta ƙi nono gaba ɗaya, ko kuka ya zarce awa 3 ba tsayawa, ko zazzaɓin ya haura kwana biyu, a mayar da ita asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. In kuma tana da yayye 'yan ƙasa da shekara 5 da ba a kammala wa ba, ku haɗa da su a tafiyar, su ma ana ɗora musu daga inda suka tsaya.